Raba daidai a aikin tarayya: jiha ake ƙirgawa, amma wa ke shiga ofis ɗin?

Duk ranar da fadar shugaban ƙasa ta fitar da sunayen sabbin naɗe-naɗe, kafin la'asar wani ya riga ya zana tebur ya watsa a Facebook da guruf-guruf na WhatsApp: Yarabawa kaza, Ibo kaza, 'yan Arewa kaza, Musulmi kaza, Kirista kaza. Lokacin Buhari 'yan Kudu ne ke zana teburin suna cewa an tattare hukumomin tsaro an damƙa wa Arewa, kuma maganar nan da ya yi a Amurka a 2015, cewa yankin da ya ba shi kashi 97 na ƙuri'a ba zai yiwu a ɗauke shi daidai da wanda ya ba shi kashi 5 ba, ta bi shi har ya sauka. Yanzu da Tinubu ya hau mu 'yan Arewa ne muka karɓi biro, ana lissafo Babban Banki da hukumar haraji da kwastan da ma'aikatar kuɗi ana cewa duk 'yan gida ɗaya ne, har Sanata Ali Ndume, ɗan jam'iyyarsu fa, ya fito a talabijin ya ce an saɓa wa tsarin mulki. Gobe in wani ya hau wasu ne kuma za su karɓi biron.

Ni abin da ke damuna da wannan lissafin shi ne kujerun da ake ta hayaniya a kansu ba su da wani yawa, kuma masu su da sun yi shekara huɗu ko takwas sun kama gabansu. Ainihin ma'aikatan gwamnatin tarayya, waɗanda ke shiga da lebul 8 bayan bautar ƙasa su zauna sai sun yi shekara 35 a aiki ko sun cika 60 a duniya, dubban ɗaruruwa ne, su ke riƙe da fayil, su ke tsara kasafi, su suka san ƙauyen da za a saka wa burtsatse da wanda takardarsa za ta kwana a durowa, amma ba kasafai ake zana musu tebur ba. In dai ana so a san ko aikin gwamnati ya yi kama da ƙasar da yake yi wa aiki, to can ya kamata a leƙa.

Doka kam ba ta ɓoye komai ba. Sashe na 14(3) na tsarin mulkin 1999, wanda aka kwafo daga na 1979, ya ce a haɗa gwamnatin tarayya da hukumominta ta yadda 'yan wasu jihohi ƙalilan ko wasu ƙabilu ƙalilan ba za su mamaye ba, shi ne fedaral karakta ɗin da ake ta faɗa. Sashe na 147 ya ce kowace jiha sai an ba ta minista aƙalla ɗaya kuma ya zama ɗan asalinta, shi ya sa majalisar ministoci ba ta sauka ƙasa da mutum 36 ko da kuwa ayyukan ba su kai haka ba. Sashe na 217 ya ce a soja ma haka, hafsoshi da ƙananan sojoji. Sai aka kafa Hukumar Raba Daidai zamanin Abacha a 1996 don ta sa ido, tana da shugaba da kwamishina ɗaya daga kowace jiha da Abuja, 37 ke nan. Ita ta fitar da ma'auni: a kowace ma'aikata 'yan asalin kowace jiha kada su gaza kashi 2.5 cikin ɗari kada kuma su wuce kashi 3, Abuja kashi 1. Ƙananan ma'aikata daga lebul 1 zuwa 6, masinja da direba da maigadi, kashi 75 a ɗauka daga yankin da ofis ɗin yake. In guraben ba za su isa jiha 36 ba sai a raba ta shiyyoyi shida.

A takarda abin ya yi kyau, kamar watanda: an yanka sa, an kasa kashi 36 daidai wa daida, ba wanda zai ce an cuce shi. Sai dai a watanda kowa kuɗi ɗaya ya zuba. Nan kuwa a ƙidayar 2006 Kano na da mutum miliyan 9.4 da ƙananan hukumomi 44, Bayelsa na da miliyan 1.7 da ƙananan hukumomi 8, kuma kasonsu ɗaya. Ke nan ɗan Kano da ya gama digiri yana takara da taron da ya ninka na ɗan Bayelsa sau biyar a kan gurbi iri ɗaya. Arewa maso Yamma na ɗauke da kusan kashi ɗaya bisa huɗu na mutanen ƙasar nan amma ko an cika mata kason jihohinta bakwai ba za ta wuce kashi 21 ba. A ɗaya ɓangaren su ma 'yan Kudu maso Gabas kuka suke, jiha biyar kawai suke da ita, don haka duk rabon da za a yi ta jiha su ne a ƙasa. Shi ya sa kowa ke neman a ƙirƙiro masa jiha, ai ba don son sabuwar tuta ba ne, jiha ita ce minista da sanata uku da kashi 2.5.

Kafin a zagi tsarin ko a yabe shi ya kamata a tuna abin da ya haifar da shi, don ba daga sama ya faɗo ba. An buɗe makarantar sakandare ta 'yan mishan ɗin CMS a Legas a 1859. A Kano sai 1909 Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe tasa makarantar a Nasarawa, Kwalejin Katsina da ta yaye su Sardauna da Tafawa Ɓalewa kuwa sai farkon shekarun 1920. Turawa sun yi wa sarakuna alƙawarin ba za su bar 'yan mishan su shiga ƙasashen Musulmi yadda suka ga dama ba, su kuma Turawan ba su kashe kuɗin kirki sun gina nasu makarantun ba. Jami'ar Ibadan 1948, ta Ahmadu Bello 1962. Awolowo ya fara firamare kyauta a Yamma a 1955. Duk wanda ya jera waɗannan shekarun ya san abin da zai faru ranar da Bature zai tattara kayansa: akawu da injiniya da ma'aikacin jirgin ƙasa da na gidan waya, har a Kano da Kaduna da Jos, yawanci daga Kudu suke.

Shi ya sa Sardauna ya kafe a kan mayar da aikin Arewa hannun 'yan Arewa a shekarun 1950. Ƙa'idar a fili take, in akwai ɗan Arewa da ya cancanta shi za a ba, in babu a ɗauki Bature ko ɗan Kudu amma da kwantiragi, wato na wucin gadi har yaron gida ya taso. Har yau ana yawo da bidiyonsa yana bayanin wannan manufar ana cewa ƙabilanci ne, ni kuwa ina ganin mutum ne da ya ga ana shirin miƙa mulki alhali yankinsa ba shi da ma'aikata, ya yi abin da ya iya, ya riƙa tura yara makarantar koyon aikin mulki ta Kongo a Zariya da Ingila ana horar da su cikin gaggawa. A soja ma aka saka kaso, Arewa 50, Gabas 25, Yamma 25, kuma a 1961 lokacin Muhammadu Ribaɗu na ministan tsaro aka faɗaɗa shi ya shafi ɗaukar hafsoshi.

Sai Ironsi ya zo, a watan Mayun 1966 ya fitar da dokar haɗe ƙasa, wadda ta soke yankuna ta kuma haɗe aikin gwamnati ya zama ɗaya. Ma'aikatan Arewa da ɗalibai suka fahimci abin da hakan ke nufi nan take, wato za a jera kowa a layi ɗaya bisa takardu da daɗewa a aiki, kuma an san wa zai koma ƙarshen layi. Cikin 'yan kwanaki aka fara zanga-zangar "a raba" a garuruwan Arewa, aka kashe mutane da yawa, akasari 'yan Gabas, daga nan sai juyin mulkin Yuli, sai ƙarin kashe-kashe, sai yaƙin basasa. Ba wai rabon aiki kaɗai ne ya jawo yaƙin ba, amma yana cikin manyan abubuwan da suka hura wutar. Da Murtala ya ƙaddamar da kwamitin rubuta tsarin mulki ƙarƙashin Rotimi Williams a Oktoban 1975, wannan tarihin ne a ƙwaƙwalwar kowa. Wani abin mamaki, dokar Ironsi lamba 34 ce ta 1966, dokar da ta kafa Hukumar Raba Daidai ita ma lamba 34 ce ta 1996.

To bayan kusan shekara 30 da kafa hukumar, an daidaita? Ba a daidaita ba. Alƙaluman da ita kanta take tattarawa sun daɗe suna nuna abu kusan ɗaya: jihohi irin su Ogun, Imo, Delta, Edo da Kogi sun haura kasonsu, su kuwa Jigawa, Zamfara, Yobe, Sakkwato da Kebbi ba sa kusantar 2.5 ɗin. Kuma a lura, Ebonyi da Bayelsa su ma suna cikin 'yan baya, Kogi kuwa Arewa ce a taswira, ke nan in ka tsaya a kan Kudu da Arewa kawai za ka rasa rabin labarin. Dalilin rashin motsin ba wani ɓoyayye ba ne. Ba a korar ma'aikaci don jiharsa ta yi yawa, gyaran sai wajen sabuwar ɗauka, ɗaukar kuma ba kullum ake yi ba, an sha saka takunkumi. Ƙarin girma kuma da jarrabawa ne da shekarun aiki. Wanda yake darakta yau ya shiga aiki ne tun wajen shekarun 1990, ke nan hoton da kake gani a saman ma'aikata hoton makarantun shekara 40 baya ne. A matakin babban sakatare ne ake sake dawo da jiha, in gurbin jiha ya faɗi daraktocinta ne ke zama jarrabawa, kuma jihar da ba ta shigar da yara a lebul 8 tun da can ba, sai ka ga da kyar take samun waɗanda za su zauna.

Amma ni ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. A ce ma an cika wa Jigawa kashi 3 ɗinta cif. Wa ya shiga? Domin jiha ba ta sa riga ta je ofis, mutum ne ke zuwa, kuma ma'aunin hukumar da ya ga "Jigawa" a takarda shi ke nan ya gamsu, ba ruwansa da ko yaron a ƙauyen Maigatari ya tashi yana kiwo ko a Maitama ta Abuja aka haife shi bai taɓa kwana a jihar ba. Ƙa'ida ta ce a tallata guraben aiki a manyan jaridu aƙalla biyu na tsawon mako shida. Amma akwai ƙofar baya, ma'aikata na iya neman izinin kada ta yi talla in guraben ba su da yawa ko ta ce na gaggawa ne, sai a riƙa ɗauka kaɗan-kaɗan da sunan cike gurbin waɗanda suka yi ritaya ko suka mutu, har a tara ɗaruruwa ba wanda ya ji. Nan silot ke shigowa, wato gurbin da ake ware wa manya su ba wanda suke so. Kwamitin majalisa mai sa ido yana da nasa, minista yana da nasa, 'yan hukumar gudanarwa, wasu sarakuna, kowa a ba shi biyu ko uku. Duk wanda ya yi zaman neman aiki ya san yaren: "an ba oga silot biyu", "turo CV ɗinka da indijin", "ofa ta fito amma sai an yi kafcarin a IPPIS", wato sai an shigar da kai tsarin biyan albashi na kwamfuta. Wani silot ɗin kyauta ne ga ɗan uwa ko yaron siyasa, wani kuwa kuɗi ne, kuma farashin ya danganta da maiƙon wurin, na hukumar da ke tara kuɗin shiga daban da na ma'aikatar da albashi ne kawai.

Wannan ba zancen shayi ba ne. A 2016 jaridu sun wallafa sunayen 'ya'ya da 'yan uwan manya da aka ɗauka a Babban Banki ba tare da talla ba, bankin kuma ya kare kansa da cewa ya samu izini daga Hukumar Raba Daidai. Abin lura a nan, irin wannan jerin zai iya cika sharaɗin raba daidai tsaf, ɗan minista daga nan, 'yar sanata daga can, kowace shiyya ta samu. A 2023 kwamitin majalisar wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya binciki cinikin guraben aiki, wani tsohon ma'aikacin ita kanta hukumar ya amsa da bakinsa cewa ya karɓi miliyoyin naira daga masu neman aiki, shugabannin hukumar suka riƙa jifan juna da zargi a gaban kyamara. Talaka kuwa in an buɗe masa ƙofar gaba, mun ga yadda take. Ranar 15 ga Maris 2014 mutum sama da 500,000 da kowannensu ya biya naira 1,000 suka fito neman guraben hukumar shige da fice da ba su kai 5,000 ba, aka tara su a filayen wasa rana ɗaya, aƙalla mutum 16 suka mutu a turmutsitsi. Yanzu an koma fotal, sai ka ga yara cike da kafe har dare ana jiran netiwok, a loda hoto ya ƙi hawa, a biya mai kafe, a buga silif a adana a leda, bayan wata shida a ji wai har an gama tirenin.

Sai maganar takardar indijin, wato shaidar zama ɗan asalin jiha, wadda duk ginin a kanta yake tsaye. Wanda ya taɓa nema ya san hanyar: mai unguwa ya sa hannu, dagaci ya sa, hakimi ya buga hatimi, a kai sakatariya da fasfo biyu a biya 'yan kuɗi, wani lokacin a tambaye ka gidan wa kake, waye kakanka. Tsarin mulki ya ɗaure asali da iyaye ko kakanni, ba da inda aka haife ka ko inda kake biyan haraji ba, kuma a aikace ƙaramar hukuma ce ke da wuƙa da nama. To Bahaushen da aka haifi kakansa a Sabo ta Ibadan ko Agege ko Shagamu fa? Can ba za a ba shi ba, in ya zo Kano ko Katsina kuma wani lokacin ba wanda ya san gidansu. Haka ɗan Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano, Hausarsa ta fi ta wasunmu, dole ya tafi ƙauyen da bai sani ba ya karɓo takarda. Mai kuɗi kuwa ko mai hanya yana iya sayen ta jihar da ya ga layinta gajere ne, shi ya sa ake yawan jin wata jiha na kukan cewa sunayen da ke cikin kasonta ba 'ya'yanta ba ne, Legas ta yi wannan kukan a ɗaukar soja, jihohin Arewa ma sun sha yi.

Kuma abin ya wuce neman albashi. A Jos, naɗa Aminu Mato shugaban riƙon ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ne ya kunna rikicin Afrilun 1994, naɗa Mukhtar Muhammad jami'in shirin yaƙi da talauci a wannan ƙaramar hukumar kuma yana cikin abubuwan da suka gabaci rikicin Satumban 2001. Kujeru biyu ne na gwamnati, amma tambayar da ke ƙarƙashinsu ita ce waye ɗan gari. A 2011 gwamnatin Abiya ta sallami ma'aikatan da ba 'yan asalin jihar ba, kuma yawancin waɗanda abin ya shafa 'yan uwansu Ibo ne daga jihohin maƙwabta.

Mata kuwa ma'aunin bai ma san da su ba, babu kason mata a lissafin 2.5 ɗin. Akwai manufar jinsi ta ƙasa ta 2006 da ta yi maganar kashi 35, har babbar kotun tarayya a Abuja ta ba da umarni a Afrilun 2022 cewa a aiwatar, amma kowa na ganin yadda jerin naɗe-naɗe ke fitowa. Matar aure ce ta fi shiga tsaka mai wuya. Ƙa'idar hukumar ta ce jihar mahaifinta ce jiharta, to amma in ta je can sai a ce ai kin yi aure kin tafi, in ta zo jihar miji a ce ke baƙuwa ce. A 2012 an ƙi rantsar da Mai shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a kotun ɗaukaka ƙara tare da sauran abokanta saboda asalinta Anambara ne amma an kawo ta a gurbin Abiya, jihar mijinta inda ta yi shekaru tana aiki, sai da aka yi ta surutu har majalisar dattawa ta sa baki sannan aka rantsar da ita. A Maris 2022 majalisa ta yi watsi da ƙudurin da zai ba mace damar zama 'yar jihar mijinta bayan shekara biyar da aure. Wani zai ce ai tun 2015 mata ne ke shugabantar ma'aikatan tarayya a jere, Winifred Oyo-Ita, Folasade Yemi-Esan, sai Didi Walson-Jack a 2024. Gaskiya ne, amma a duba ko akwai 'yar Arewa maso Yamma ko maso Gabas a cikinsu. Yarinyar da aka cire daga aji uku na sakandare ba za ta taɓa bayyana a kowane tebur ba, wadda ta daure ta gama digiri kuma in an tura ta Fatakwal sai maganar miji da yara ta taso, a bar ofa ta lalace.

Masu buƙata ta musamman suna da doka, Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019, ta ce a ba su aƙalla kashi 5 na aikin gwamnati, sai dai an saka "gwargwadon iko" a cikin jimlar, kuma duk wanda ya san ma'aikatunmu ya san abin da ake yi da irin wannan lafazin. Ofis nawa ne ma mai keken guragu zai iya hawa benensa.

Akwai kuma shekaru. Ƙasar da yawancin mutanenta matasa ne amma ka shiga wasu ma'aikatun ka ga manyan jami'ai sun fi masu yi musu aiki yawa, saboda an daɗe ba a ɗauka ta ƙofar gaba ba. 'Yar'aduwa ya kawo wa'adin shekara takwas ga daraktoci a 2009 don a samu sarari a sama, a lokacin an yi ta ƙorafi cewa 'yan Arewa abin ya fi shafa, Buhari ya dakatar da shi a 2016, aka dawo da shi a 2023. A ƙasa kuma tallan aiki kan ce kada mai nema ya wuce shekara 30, wasu wuraren ma ƙasa da haka. Wa wannan ke yankewa? Yaron da ya fara da allo ya shiga boko a makare, ya sake jarrabawa sau biyu, ya ci yajin aikin ASUU na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022. Wanda ya yi jami'ar kuɗi ko ta waje yana da shekara 22 ya gama. Daga nan sai a ruga kotu a yi takardar rantsuwar rage shekaru, kowa ya sani, kowa ya yi shiru.

Masu cewa a soke tsarin gaba ɗaya hujjarsu cancanta ce, kuma kullum sai sun ɗauko makin shiga makarantun haɗaka na tarayya na 2013, inda aka nemi ɗan Anambara ya ci 139 amma yaro namiji daga Zamfara 4 ta ishe shi. Wallahi abin kunya ne, kuma kunyar ta gwamnoninmu ce da suka bar firamare ta mutu, bai kamata mu tsaya kare shi ba. Amma ɗaukar aiki a lebul 8 wani abu ne daban, kowa sai da digiri da takardar bautar ƙasa, kuma ƙa'idar cewa ta yi a ɗauki mafi cancanta daga kowace jiha. Yau akwai jami'ar tarayya a Dutse tun 2011, Gusau da Gashuwa da Birnin Kebbi tun 2013, ban da na jihohi. Ba wanda zai gamsar da ni cewa in za a ɗauki mutum 100, Jigawa ko Yobe ba za ta iya kawo ƙwararru uku ba. In an ga wanda bai iya rubuta wasiƙa ba a ofis, a bincika ta ina ya shigo, galibi za a tarar ba jarrabawa ya ci a cikin 'yan jiharsu ba, waya aka buga. Sai dai laifin ya tafi kan raba daidai, kuma ya shafa wa duk ɗan jihar da ya shigo da guminsa baƙin fenti, ya yi ta fama da kallon "ɗan kota" har ya yi ritaya. In aka soke tsarin kuma aka bar silot, masu buga waya ba abin da zai same su, jihohin da ke baya ne kawai za su rasa 'yar hujjar da suke riƙe da ita.

Mu ma fa da muke kukan Abuja, sashe na 14(4) ya ɗora wa jihohi da ƙananan hukumomi irin wannan nauyin, su ma su raba aiki ta yadda kowane ɓangare zai ga kansa. A duba Kaduna tsakanin kudu da arewa, Kogi tsakanin Igala da Ibira da Okun, Binuwai tsakanin Tibi da Idoma, Kebbi da ƙasar Zuru, Gombe da Tangale, kudancin Borno. A wasu wuraren tsirarun da suka rigayi kowa shiga boko ta hanyar mishan su ne suka fi yawa a ofis amma manyan kujeru ba sa zuwa gare su, a wasu wuraren kuma ƙananan hukumomi biyu ko uku na cikin birni ne ke cinye kason jiha gaba ɗaya, na ƙauye sai dai su ji a rediyo. Teburin da ake zanawa a Facebook ba ya sauka zuwa nan, don in ya sauka zai taɓa mutanen da muke gaisawa da su.

Kuma bayanan suna nan fa. Kowace ma'aikatar tarayya ana buƙatar ta miƙa wa hukumar jerin ma'aikatanta da jiha da ƙaramar hukuma da lebul, IPPIS da aka fara tun 2007 yana ɗauke da ranar haihuwa da jinsi da ranar fara aiki na duk wanda ke cikinsa, da shi ne ma aka cire ma'aikatan bogi 23,846 a farkon 2016. Kowace jiha tana da kwamishinanta a hukumar da ke karɓar albashi don wannan aikin kawai, kuma doka ta ba hukumar ikon gurfanar da shugaban ma'aikatar da ya ƙi bin ƙa'ida. Ƙungiyar ɗalibai ko ta ci gaban gari tana iya rubuta wa kwamishinan jiharta ta nemi a ba ta adadin 'yan jihar da aka ɗauka a shekara biyar da suka wuce, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, maza nawa mata nawa, guda nawa aka tallata guda nawa aka yi da izinin rashin talla. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ma'aikata kwana 7 ta ba da amsa.